Kurakuran masu jagorantar ƙaramin rukuni da yadda ake gyara su

A rukunin mutum biyar ko bakwai, ba takarda ce kaɗai ke naɗa shugaba ba. Wanda ake juyawa a kalla idan magana ta cije, shi ne jagora, kuma galibi shi ne mai lura da halin da kowa ke ciki, mai iya riƙe zuciyarsa. Wannan basirar ce masana ilimin halayyar ɗan Adam, Peter Salovey da John Mayer, suka fayyace a 1990: gane motsin rai, naka da na wani, da iya sarrafa shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cinye zama da surutu. Gaskiya ne, mai yawan magana shi ake fara yi wa kallon shugaba, amma aiki ne ke shan wahala. Binciken Anita Woolley da abokan aikinta na 2010 ya nuna cewa rukunin da mutum ɗaya ko biyu suka kankane magana ba ya kamo ƙafar wanda ake karɓa-karɓa a cikinsa. Don haka ajiye ra'ayinka sai kowa ya faɗi nasa, domin da zarar jagora ya furta, saura sai gyaɗa kai.

Daga nan sai ɗaukar shiru a matsayin yarda. Mutum ya harɗe hannu, ya sunkuyar da kai kan waya, ya ce “to, shi ke nan” a sanyaye: wannan bai yarda ba. Kada ka ce masa “na ga ranka ya ɓaci” a gaban jama'a, ka tsinka shi ke nan, zai kuma musanta. Yi masa tambaya kan aikin: “Ina kake ganin shirin nan zai ba mu matsala?” In bai saki jiki ba, same shi shi kaɗai bayan an tashi.

Wasu kuma sun ɗauka jagoranci faranta wa kowa rai ne. Ba haka ba ne. Mai kawar da kai daga wanda ba ya kawo nasa aikin, don gudun ɓacin rai, masu ƙwazon ne ke fara raina shi. A keɓe ake yin gyara, a ambaci aikin da ranar da aka saɓa, a bar halin mutum a gefe.

Ɓoye fushi ma ba ya aiki a tebur ɗaya, domin labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yanayin jagora yana yaɗuwa ga saura. Idan ranka ya ɓaci, faɗi dalilin a jimla ɗaya, ka ɗage yanke shawara na minti goma.