Yadda nake motsa amfilifaya mai kilo 35 ni kaɗai a gida

Amfilifayar da ke falona, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta aika wa sifiku, ta baffana ce, Allah ya jiƙansa. Pioneer SX-1980 ce, irin wadda aka fara fitarwa a 1978, haɗe take da rediyo, tana ba kowace sifika wat 270, nauyinta kuma ya ɗan haura kilo 35. Ya saye ta a shekarun nan da kuɗin mai ya shiga hannun ma'aikata, lokacin da gidan da ya isa gida sai ka ga kayan sauti sun cika bango guda. Da aka zo rabon kayansa babu wanda ya nuna yana so, saboda ba mai wurin ajiye ta. Ni na ɗauka. Aiki ya kawo ni Kaduna, iyali suna gida, ni kaɗai nake zaune a saman bene.

Wani hunturu ƙura ta cika mata ciki, na ce bari in sauke ta daga kanta in busa. Kantar ta kai mini ƙirji. Na rungumo ta, na juya da gangar jikina zan ɗora a tebur, ƙafafuna suna nan inda suke, sai na ji wani abu ya tsinke mini a kwankwaso. Na dai samu na dire ta. Na fi rabin awa kwance a kan tayil, wayata tana can ɗakin kwana tana caji, ƙofa kuma a kulle da sakata. Kwana tara ina sallah a zaune. Duk abin da zan faɗa a nan bayan wannan ranar na koye shi, kuma kusan duka magana ɗaya ce: abin da za ka iya ja, ko turawa, ko karkatawa, kada ka ɗaga shi.

Za ka ji ana cewa mene ne kilo 35, ai buhun siminti kilo 50 ne kuma yara suna ɗauka a ka. Buhu yana lanƙwasa ya bi jikinka, wani ne yake ɗora maka, in ka gaji kuma ka yar. Amfilifaya akwati ne na ƙarfe mai kaifin gefe, babu wurin kamawa mai kyau, kuma zuciyarka ba za ta yarda ka sake ta ba ko da bayanka yana kuka. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ya ɗaga da hannu biyu, shi ma in kayan yana manne da jiki, a tsayin da ya dace, ba tare da murɗa ƙugu ba. Hukumar HSE ta Birtaniya ta ce kilo 25 ga namiji, 16 ga mace, in kayan yana daidai ƙugu. In daga ƙasa za a ɗauko shi, adadin ya sauko zuwa kilo 10 ga namiji, 7 ga mace. Ka kwatanta wannan da amfilifaya irin McIntosh MC275 mai wajen kilo 30, ko Crown Macro-Tech 5002VZ mai kilo 35 da wasu ke sayowa na hannu su kafa a falo. Dukkansu sun wuce aikin mutum ɗaya in dai ɗagawa za a yi.

Kafin komai ka san inda nauyin yake. Mafi yawansa taransifoma ce, dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da wayar tagulla, sai haƙarƙarin alminiyam masu fitar da zafi. Ba a tsakiya suke zama kullum ba. A MC275 taransifomomi uku ne jere a gefe ɗaya, kwalaben gilashin da ke ƙara mata ƙarfin sauti suna ɗaya gefen, wanda bai sani ba yana ɗagawa za ta kife masa. Tana zaune a inda take, ka sa yatsu ƙarƙashin kowace kusurwa ka ɗan ɗaga kamar faɗin yatsa biyu, ka sauke. Kusurwar da ta ƙi tashi, nan ne gindin nauyin, kuma wannan gefen shi ne zai kasance kusa da cikinka duk lokacin da za ka taɓa ta.

Shirin da nake yi ba ya canzawa. Ina kashe ta in zare waya daga soket, in bar ta ta huce, domin ƙarfen yana riƙe zafi kuma manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe wuta bayan an kashe. Ina cire duk wayoyin baya, kowace na liƙa mata salatif na rubuta inda take shiga. Mai irin ta kwalabe ya cire su bayan sun huce, ya sa wa kowace lamba, ya naɗe a tsumma. Ina tuɓe babbar riga da agogo da bel mai kan ƙarfe, in sa takalmi rufaffe, ba silifas ba, da safar hannu mai roba a tafi, irin ta masu aikin gini. Ina share hanya tun daga inda take har inda za ta, in buɗe ƙofofi in tokare. Sannan abubuwa biyu da ban ƙara sakaci da su ba: waya a aljihu, sakata a buɗe. Nakan kuma aika wa maƙwabcina saƙo cewa zan motsa kaya, in bai ji daga gare ni ba nan da rabin awa ya leƙo.

A ƙasa aikin mai sauƙi ne. Kan tayil ko siminti mai santsi, tsohon bargo ko darduma ya isa. Ka karkata gefe ɗaya, ka tura bargon ƙarƙashi da ƙafa ko gwiwa, ka koma ɗaya gefen ka jawo shi. Karkata gefe ɗaya kusan rabin nauyin kawai kake ɗauka, sauran rabin ƙasa ce take riƙe maka. Daga nan sai ka kama bakin bargon ka ja da baya-baya, gwiwoyi a lanƙwashe. In kafet ne bargo ba zai tafi ba, sai ka sa kwali mai kauri ko leda mai ƙarfi. Kada ka ja ta a kan ƙafafunta na roba kai tsaye, suna cijewa a ƙasa, tsofaffi kuma suna ɓallewa.

Sabuwa da ta zo a kwali ma ba ciro ta ake yi ba. Ka kwantar da kwalin a gefensa kan bargo, ka yanke salatif ɗin ƙasa, ka buɗe marufan huɗu ka lanƙwasa su waje, ka mayar da shi tsaye a hankali, sannan ka zare kwalin sama. Ita tana nan zaune a ƙasa cikin soson da aka tallafe ta da shi. Kwalin da soson ka adana, ranar tashi daga gida za ka gode wa kanka.

Wahalar tana wajen hawa sama, kuma nan na fi ɓata lokaci kafin in gane. Hanya biyu nake bi. Ta farko ita ce hawa mataki-mataki. Ina da guntayen katako masu kauri da kafinta ya yanko mini, duk tsawonsu ya ɗan fi zurfin amfilifayar. In karkata dama in sa ɗaya, in karkata hagu in sa ɗaya, in dawo dama in ƙara, kowane sabon layi ina gicciya shi a kan na ƙasa don kada tarin ya yi tangal-tangal. A haka take tashi kaɗan-kaɗan har ta yi daidai da bakin inda za ta zauna, sai in tura ta ciki. Yana cin minti ashirin, amma ko sau ɗaya nauyinta duka bai hau bayana ba. Ta biyu gangara ce. Katako mai faɗi, tsawon mita 2, kansa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan abin da tsayinsa rabin mita ne, yana mayar da aikin kusan kashi ɗaya cikin huɗu: kilo 35 ya zama kamar tura kilo 9, sai ɗan abin da gogayya ta ƙara. Sharaɗin shi ne a tokare ƙasan katakon da bango ko wani abu mai nauyi, a kuma tabbatar samansa ba zai zame daga bakin teburin ba. Jak ɗin mota kuwa ban yarda da shi ba. Kansa ƙarami ne, an yi shi don ya kama ƙarfen mota a wuri ɗaya, akwati mai faɗi yana hawa kansa zai jirkice.

Amma gaskiyar da na daɗe ina gudu ita ce, bai kamata tun farko a ɗora irin wannan kaya a kanta mai tsayi ba. Mun saba ganin kayan sauti a sama, a jere cikin gilashi, don baƙo ya gani. Na sauke tawa ƙasa gaba ɗaya. Na je wurin kafinta da awonta, ya yi mini ɗan dandamali da falankin filawud mai kaurin milimita 18, ninki biyu, ya fi ta faɗi da kamar yatsa uku kowane gefe, da ɗan baki a kewaye don kada ta zame. Muka sa tayoyi huɗu na roba masu juyawa, biyun gaba masu birki. Wajen sayen tayoyi ka duba nauyin da aka rubuta kowace tana ɗauka, ka sayi waɗanda uku daga cikinsu za su iya ɗaukar kayan duka, domin ƙasan gidajenmu ba kasafai take daidai ba, sau da yawa taya ɗaya a iska take. Tsayin dandamalin bai kai taƙi ɗaya ba. Tun da ta hau shi ba ta sake sauka ba. In zan share, in saki birki in jawo. In zan canza waya, in juyo bayanta gabana. Na kuma ƙara wa wayoyin sifiku tsawon mita guda don su biyo ta ba tare da sun fizge ba. Samanta a buɗe yake, ban ɗora komai ba, tana samun iska fiye da da, sai dai ina rufe ta da ƙyalle in tana kashe, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sitabilaiza da taransifoma mai rage wuta, ga mai kayan Amurka na bolt 120, su ma nauyi gare su, kowanne ya samu nasa wurin a ƙasa, kada a haɗa su a dandamali ɗaya.

In ta kama dole sai ka ɗaga, misali daga dandamali zuwa benci na mai gyara, to tazarar ta zama gajera. Ka tsugunna, ƙafa ɗaya gaba kaɗan, ka sa hannu ƙarƙashin ƙarfen gindinta, ba a maɓallan gaba ba, ba a wurin ɗaura wayoyi ba, ba a murfin sama ba. Ka manna ta da ciki, ka miƙe da ƙarfin cinya, in za ka juya ka taka da ƙafa, kada ka murɗa ƙugu. In ka ji tana suɓucewa, ka ja ƙafarka baya ka bar ta ta faɗi. Na san zafin wannan maganar, kayan baffana ne, amma na riga na yanke wa kaina wannan hukuncin tun kafin ranar ta zo, domin a cikin daƙiƙar ba a tunani.

Matakalar bene kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau biyu ta bi matakalata tun bayan ciwon, duka biyun mutum biyu na kira. Ɗan dako daga bakin kasuwa ko matasan unguwa za su yi maka da kuɗi kaɗan, sai dai ka tsaya ka nuna musu inda za su kama, domin wanda ya saba da buhu zai cafki duk abin da hannunsa ya samu, ko ya nemi ɗora ta a ka. Ka naɗe ta da bargo, ka ɗaure da igiya, gefen nauyi ya kalli mai ƙarfin da ke ƙasa, kai kuma ka riƙa kiran mataki. A mota, kujerar baya ta fi but sauƙi in but ɗin mai zurfi ne, don sai ka sunkuya da hannu a miƙe kafin ka ciro, kuma wannan shi ne mafi munin yanayin ɗaukar kaya. Ka sa mata bel kamar fasinja.

Wanda bai riga ya saya ba, kuma ya san shi kaɗai yake zaune, ina ba shi shawara ya saurari irin amfilifayar da ake kira Class D kafin ya yanke. Ba ta ɓarnar wuta ta zama zafi sosai, don haka ba ta buƙatar manyan haƙarƙarin ƙarfe, yawancinsu kuma ba su da babbar taransifomar nan. Crown XLS 1502 ba ta kai kilo 5 ba, da hannu ɗaya ake ɗauka. Akwai masu cewa sautin tsofaffin ya fi ɗumi, ni ma kunnena ya saba da tawa, ba zan musa musu ba. Amma ban yarda nauyi shi kaɗai shaidar kyau ba ne, kamar yadda masu sayarwa ke cewa in sun ce ka ɗaga ka ji. In kuma zuciyarka tana kan mai nauyi, akwai waɗanda ake yi guda biyu, kowace sifika da tata, sai dai ka duba nauyin kowace ɗaya kafin ka biya.

In ka riga ka ji ciwo, ka lura da kyau. Ciwon baya na tsoka yakan lafa cikin kwanaki ko makonni. Amma in yana sauka ta cinya har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa ko ta rasa ƙarfi, ka ga likita. In fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyinka ya daina ji, asibiti za ka tafi a wannan sa'ar, ba wurin mai ɗori ba. Kumburi a mara ko matsematsi bayan ɗaukar kaya shi ma a duba, yana iya zama ƙaba.

Gobe Asabar zan busa mata ƙura. Zan saki birki, in jawo dandamalin zuwa bakin baranda inda haske yake, in kwance sukurorin murfi ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno, wayata a aljihun gaba.