Yadda ake ɗora bidiyon 360 ya fito tas ba tare da yana maƙalewa ba

Kafin mu shiga matakan akwai wani lissafi da ya kamata ka riƙe, don shi ne yake sa mutane ƙorafin wai kamarar 4K ce amma bidiyon ya fito dishi-dishi. Bidiyon 360, wato wanda mai kallo zai iya juyawa ya ga kowane ɓangare, in na 4K ne faɗinsa fiksel (ɗigon hoto) 3840 ne, tsayinsa 1920, amma fa wannan 3840 ɗin zagaye guda aka raba wa, gaba da baya, hagu da dama. Shi kuwa mai kallo, a waya ne ko a tabarau ɗin VR da ake sawa a fuska a ji kamar ana cikin hoton, abin da yake gani lokaci ɗaya bai wuce digiri 90 zuwa 100 ba, kusan kwata kenan. Raba 3840 gida huɗu, 960 ya rage. Kaga abin da ke gaban idonsa ko 720p bai kai ba, sauran kuma yana can bayan ƙeyarsa yana shan data a banza. Duk aikin da za mu yi na rage wannan asarar ne.

Da farko wajen ɗauka, sa kamarar a ƙarshen ƙarfinta. Insta360 X3 tana yin 5.7K, X4 tana kai 8K, GoPro Max kuma 5.6K. Kafa ta a sanda daidai tsayin kan mutum ka barta ta zauna, kar ka riƙa yawo da ita kana jujjuyawa, mai kallo jiri zai ɗebe shi, kuma hoto mai yawan motsi ya fi wahalar matsewa. Haske ma haka, waɗannan kamarorin ba sa son duhu, da magariba ta yi sai tsaki-tsaki ya cika hoton, shi ma tsakin nan data yake ci. Sannan ido biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kar ka bari mutum ya tsaya dab da gefenta inda hotunan biyu suke haɗuwa, ya ja baya kamar mita ɗaya ko fi, in ba haka ba za ka ga an yanke masa rabin kafaɗa.

Na biyu ɗinki da fitarwa. Manhajar Insta360 Studio ko GoPro Player su za su ɗinke maka hotunan biyu. Wajen fitarwa zaɓi tsarin da ake kira equirectangular, wato zagayen duka a shimfiɗe, faɗi ninki biyu na tsayi. In kwamfutarka za ta iya ka ɗauki tsarin matsewa na H.265 maimakon H.264, ya fi matse fayil ba tare da hoton ya lalace ba. Kuma kar ka yi rowar bitiret, wato yawan datar da bidiyo yake ɗauka a kowane sakan, a nan don Allah, YouTube da kansu megabit 35 zuwa 45 suke ba da shawara ga 4K mai firem 30, kuma in ka ɗora sai sun sake matse shi, toh in ka basu mai rauni me kake tsammani zai fito?

Na uku shi ake yawan mantawa, metadata. Ɗan bayani ne a cikin fayil ɗin da ke gaya wa YouTube ko Facebook cewa wannan 360 ne. In ka yi editin a wata manhajar tana iya goge shi, sai bidiyon ya hau a shimfiɗe, fuskoki a miƙe, ba ya juyawa. Google suna da wata 'yar manhaja kyauta, Spatial Media Metadata Injector, buɗe fayil ɗin a ciki ka danna akwatin 360 ka sake sebin, shikenan.

Sai ɗorawa. YouTube tun Maris 2015 suke karɓar 360, Facebook suka biyo a Satumban shekarar. Ɗora shi a ɓoye tukuna ka jira, ƙaramin kwaliti ne yake fara fitowa, 4K ɗin sai daga baya, wani lokacin ya ɗau awa guda ko fi. Kar ka tura fayil ɗin ta WhatsApp, link ɗin za ka tura.

In kuwa a sabar ka ta kanka za ka ɗora, nan ne aikin yake. Tsarin equirectangular kamar taswirar duniya ta bangon aji yake, sama da ƙasa an ja su sun yi faɗi fiye da ƙima, wato fiksel masu yawa suna ƙarewa a sararin sama da ƙasan sanda inda ba mai kallo. Shi ya sa Facebook suka koma tsarin akwati mai fuska shida, suka ce ya rage musu girman fayil da kashi 25 cikin ɗari, Google kuma a 2017 suka fito da nasu gyararren mai suna EAC. FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, yana da filta v360 da ke yin wannan canjin, amma ka tabbata fileyarka, wato manhajar da ke kunna bidiyon, ta gane tsarin kafin ka canza. Bayan nan fitar da bidiyon a kwaliti uku ko huɗu, ka yayyanka shi gutsi-gutsi da HLS ko DASH, hanyoyin turo bidiyo kaɗan-kaɗan, yadda in netwok ya yi ƙasa fileya za ta sauka ƙaramin kwaliti da kanta maimakon ta tsaya tana juya zobe.

Dabarar da ta fi duka ita ce tayil. Ana raba hoton gida-gida, gidajen da mutum yake fuskanta a turo su da cikakken kwaliti, sauran zagayen a turo mai sauƙi, ƙa'idar OMAF ta MPEG, masu tsara ƙa'idojin bidiyo, ta tanadi wannan. Amma abu biyu, gutsattsarin su zama gajeru, sakan ɗaya zuwa biyu, don in ya waiga kar ya daɗe yana kallon dishi-dishi, kuma mai sauƙin nan na zagaye duka kar a taɓa yanke shi, gara hoto mara kyau da baƙin fili. Gaskiya in ba kamfani kake wa aiki ba ni ban ga dalilin wahalar da kanka da wannan ba, YouTube ya isheka.

Na ƙarshe gwaji, kuma a ƙaramar waya za ka gwada ba a taka mai tsada ba. In chip ɗin wayar, wato ƙwaƙwalwarta, bai iya buɗe H.265 mai girman nan da kansa ba, za ta yi zafi, batir ya zube, hoton ya riƙa tsalle. Yi lissafin data ma, megabit 20 a sakan MB 150 ne a minti, awa guda GB 9, don haka minti uku zuwa biyar ya wadatar. In kuma duk abin kallon a gaba yake, kamar mai wa'azi ko mawaƙi a dandamali, ɗauki VR180 kawai, rabin zagaye ne, fiksel ɗin duk su taru inda ido yake.