Yadda za ka shirya ƙafar mota da rigar taya don gasar otokuros

Otokuros dai tsere ne na mota ɗai-ɗai a filin fakin, ana jera robobi masu tsini irin na kan titi kana zagaye su agogo na bugawa, a Amurka ƙungiyar tseren motoci ta SCCA ce ta fi shirya shi, kuma duk robar da ka ture ana ƙara maka sakan 2. Shi ya sa riƙon ƙasa ya fi ƙarfin inji amfani.

Fara da ɗage motar a jak, ka kama taya ka girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas to boljoin ne ko tayarod ko bushin, canza su tukuna kafin ka kashe ko sisi kan kayan tsada. Shokzoba mai yoyon mai ita ma ta tashi aiki. Amma fa ana raba motocin gasar aji-aji, don haka duba dokar ajinka, a ajin Street, na motocin da kusan yadda suka fito daga kamfani suke, an yarda ka canza shokzoba da sandar hana tangaɗi guda ɗaya, sifirin kuwa sai na kamfani. Sai alaimen, ka ce wa bakanike saman tayoyin gaba ya ɗan kwanta ciki, don a kwana taya ta zauna daram.

Rigar taya kam, wato abin da ake rufe taya da shi don kada ta huce, ba sai ka saya ba. Nemi abin nan mai ƙyalli da ake tare rana da shi a gilashin mota, ka yanka faifai daidai faɗin taya da dogon yanki da zai rufe saman tayar, ka haɗe su da salatif mai ƙarfi. Kana dawowa daga zagaye ka zura wa tayar, zafinta ya zauna. Bargo mai lantarki dai an hana.