Kurakuran da aka fi yi wajen yaɗa labaran jiragen ruwan yaƙi

Duk mai son tarihin sojan ruwa ya san zumuɗin da ke kama mutum idan ya ci karo da tsohon hoton jirgi ko wata jaridar zamanin yaƙi. Sai ka ji kana so kowa ya gani yanzu-yanzu, kuma a wannan gaggawar ce kurakurai ke shigowa.

Mafi muni shi ne ɗaukar sanarwar lokacin yaƙi a matsayin gaskiya. A Satumban 1939 Jamus ta yi ta shelar cewa ta nutsar da Ark Royal, jirgin Birtaniya mai ɗaukar jiragen sama. Alhali jirgin na nan garau, har ma jiragen samansa ne suka lalata abin da ke juya akalar Bismarck, babban jirgin yaƙin Jamus, a Mayun 1941. Sai a Nuwamban shekarar ya nutse kusa da Jibralta, bayan jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-81, ya harbe shi. Ba kullum ƙarya ake yi da gangan ba: matuƙin jirgin sama ya ga hayaƙi ya turnuƙe, ga harsasai na binsa, sai ya koma ya ce jirgi ya nutse. Gyaran shi ne ka faɗi wanda ya yi iƙirarin da ranar da ya yi, sannan ka nemi asarar kowace runduna a takardunta na kanta.

Haka ma yanke hukuncin nasara da lissafi kaɗai. A gwabzawar teku ta Jutland ta 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta rasa jirage 14 da mutum fiye da 6,000, Jamus kuwa jirage 11 da mutum kimanin 2,500. Wanda ya tsaya nan zai ce Jamus ta ci. Amma shingen da Birtaniya ta yi mata a teku bai karye ba har ƙarshen yaƙin. A kawo ɓangarorin biyu tare.

Sai rikicin suna. Rundunoni kan gadar wa sabon jirgi sunan wanda ya nutse. Yorktown na Amurka da aka nutsar a Midway a Yunin 1942 lambarsa CV-5, wanda ke zaman gidan tarihi a jihar South Carolina kuwa CV-10 ne. Ka duba lamba da shekara kafin ka rubuta bayanin hoto.

Kwanan wata ma na ruɗarwa. Harin da Japan ta kai wa sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor 7 ga Disamban 1941 ne a Hawaii, 8 ga wata a Japan. Yaƙin Tsushima tsakanin Rasha da Japan ya fara 27 ga Mayun 1905, amma tsoffin takardun Rasha 14 ga wata za su nuna, don kalandarsu ta lokacin daban ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake maganar jiragen da aka gano a ƙasan teku tamkar an tsinci dukiya. Lokacin da Hood, jirgin yaƙin Birtaniya, ya nutse ranar 24 ga Mayun 1941, mutum uku ne kawai suka tsira cikin 1,418. Kabari ne wannan, kuma mamatan suna da jikoki a raye. Tuni masu satar ƙarfe suka yi wa jiragen yaƙin Birtaniya Prince of Wales da Repulse ɓarna a tekun Malesiya, inda jiragen saman Japan suka nutsar da su ranar 10 ga Disamban 1941. Idan za ka yaɗa hoton irin wannan wuri, ka ambaci adadin waɗanda suka rasu, kuma kada ka tallata wani kayan da aka ce daga can aka ciro shi.