Yadda zaka sayi shanshera ka kai kasuwa ba tare da ka kashe fadama ba

Wannan magana ta ƴan uwana ce masu sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ga manoma a Argungu, Suru, Jega da Yauri su kai injin casa. Mu dai mun saba, abinda muke tambaya kawai buhu nawa ne, nawa kuɗinshi, mu loda mu wuce, to wallahi rabin ɓarnar da ake yi ma fadama da kuɗinmu ake yinta.

Fara daga gona. Kafin ka ba manomi kuɗin kafin alƙalami ka tambaye shi wane maganin feshi yake zubawa kuma ina yake kai robar in ta ƙare. Ƙa'idar itace a ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, sannan a huda robar don kar yara su ɗauka su zuba fura ko ruwan sha. Kuma kar a wanke injin feshi a bakin gulbi, don ruwan nan na Rima shi ke bi ta Argungu, shi Sarkawa ke kamun kifi ciki, kai kanka kifin zaka ci da dare. Takin yuriya ma haka, a raba ta kashi biyu ko uku maimakon a watsa gaba ɗaya ruwa ya kwashe, kaga kuɗi sun bi ruwa kenan.

Sai ban ruwa. Tun da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 noman rani da injin fetur ya zama kuka, shi yasa in kana da manoman da kake saye garesu duk shekara gara ku haɗa kuɗi a sayi famfon sola, ka riƙa cire naka kaɗan kaɗan cikin shanshera. Amma fa a ja masu kunne, rana kyauta ce ba shi ke nufin a bar famfo na zuba tun safe har la'asar ba.

Inda nafi jin takaici shine shanya. Na taɓa loda shanshera da ɗan sauran danshi saboda gaggawar kasuwa, sati biyu na buɗe buhu naga tayi baƙi tana wari, duk taki da mai da wahalar da anka sha a kanta sun tafi a banza. Danshi kar ya wuce kashi 14 cikin 100, in baka da na'urar awo ka ciza ƙwaya, in ta fashe ƙas to ta bushe. A shanya kan tamfol, ba kan kwalta ba inda mota da awaki ke bi.

Ɓuntu kuma kar ka bari mai inji ya tara shi ya cinna mashi wuta unguwa ta cika da hayaƙi. Mata masu turara shinkafa suna iya hura wuta dashi maimakon icce, masu kaji na shimfiɗa shi, tokar kuma ta koma gona. Tattaka, wato karan shinkafa, a sayar ma makiyaya, ƙona ta asara ce.

Mota kuwa ku haɗu mutum uku huɗu ku cika tirela guda, ku yi magana da direba tun kafin ya tashi yasan kayan da zai ɗauko in zai dawo, ko taki ko siminti. Buhun da bai yage ba a kakkaɓe a ɗinke, zai ƙara yin wata kakar.