Yadda za ku sa gwamnati ta amsa tambaya kan jujin unguwarku

Jama'a, in kuna zaune kusa da babbar bola inda tifofin gwamnati ke zuwa juye shara, ko kuma a can kuke neman abinci, to ku sani kiran gidan rediyo da ƙorafi a majalisa kaɗai ba sa kama kowa, takarda ce ke kama mutum. Ku duba abin da ya faru a Kiteezi, jujin birnin Kampala a Yuganda, a watan Agustan 2024 tsaunin shara ya zabtare ya binne gidaje, sama da mutum 30 suka rasu, da aka yi bincike sai aka ga ai an riga an gargaɗi hukuma tun kafin abin ya auku, shi ya sa Shugaba Museveni ya kori shugabar hukumar birnin, Dorothy Kisaka, da wasu manya biyu, har aka kai su kotu. Kafin nan a 2017 jujin Koshe na Addis Ababa ya rufta kan sama da mutum 110. A Legas ma Olusosun ta kama da wuta a Maris 2018, hayaƙi ya rufe unguwanni kwana da kwanaki. Dan Allah kar mu jira sai an fara tono gawa.

Ku fara da sanin waye mai bolar, don nan ne ake yawo da hankalin mutane, ka je ƙaramar hukuma su ce na jiha ne, ka je jiha su ce ai an ba ɗan kwangila. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma a manyan birane hukumar jiha ko ta birnin tarayya ce ke riƙe da shi, kamar REMASAB a Kano, LAWMA a Legas, AEPB a Abuja. Sannan akwai NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. To ku rubuta wa dukkansu wasiƙa ɗaya a rana ɗaya, kowa ya ga sunan ɗan uwansa a ƙasan takardar.

Kafin wasiƙar ku tara hujja. Wayar hannu ta isa. Hoto da bidiyo mai kwanan wata, a nuna tazarar shara da gidan ƙarshe, a nuna baƙin ruwan nan mai wari da ke tsatsowa daga gindin bola lokacin damina, don shi ne ke sulalewa cikin rijiyoyi da burtsatse. Hayaƙin da kuke gani yana tashi ko ba wanda ya kunna wuta, iskar gas ce da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa, kuma tana ci a ƙarƙashi, wannan ma a ɗauka. In kun ga tsagewa a jikin tudun, ko ya yi tsayi ya miƙe ba gangare, wannan ba na jiran amsar wasiƙa ba ne, a janye yara da masu kwana a wajen a ranar. A samu littafi guda a hannun mai unguwa ko limami ana rubuta wanda ya yi rashin lafiya da ranar, a ajiye katin asibiti. In da hali ku yi karo-karo ku kai ruwan rijiya a gwada a jami'a mafi kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da masu aikin kansu. Leburan da ke bin tifa ba safar hannu ba takalmin roba ba takunkumi, da baban bola da ke tona da ƙugiya yana cin karo da allura da sirinjin asibiti da fasassun kwalabe, su ne na farko da abin ke ci. Ku sa su cikin kwamitinku, sun fi kowa sanin inda ƙasa ke motsi da motar da ke kawo sharar asibiti da daddare. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, don wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, to ku tambaya, an yi wa leburan nan rajista? Masu jari bola ba albashi suke ɗauka ba, su sai ku nema musu katin shaida, allurar rigakafin sarƙewar haƙora, famfo na wanke jiki, da keɓe musu waje nesa da inda katafila ke tura shara. Kuma kar ku ce kawai a rufe bola a kore su, ku ce a gyara ko a mayar da ita wani wajen tare da tsari.

Wasiƙar ta zama gajera, kuma ku kafa ta da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ku nemi abu takamaimai: kwafin kwangilar, nawa aka ware a kasafin bana nawa aka saki, rahoton duba wajen na ƙarshe, da yawan kayan kariyar da aka raba. Dokar ta ba su kwana 7, suna iya ƙara wasu 7, in sun ƙi kuna da kwana 30 ku garzaya kotu. A da jihohi na fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kansu su ma.

Wajen kaiwa, ku tafi da kwafi biyu, kar ku baro ofis sai an buga muku hatimi da kwanan wata da sa hannu a naku. Wallahi wannan hatimin ya fi komai, ku yi fotokofi ku raba a hannun mutum uku. In wa'adi ya cika shiru, ku ɗauki kwafin ku kai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ba a biyan ko sisi, sai kansila da kwamitin muhalli na majalisar jiha. Yanzu ne lokacin rediyo da Facebook, ku karanto ranar da suka karɓa da abin da kuka tambaya, ba zagi ba ƙazafi, sannan ku nemi lauya kafin kwana 30 ɗin nan su ƙare.