Yadda Ake Tabbatar da Ɗan Ƙasancin Yaro Wajen Neman Fasfon Amurka

Yaron da aka haifa a wata ƙasa yana iya zama ɗan Amurka kai tsaye idan uwarsa ko ubansa ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ba sai shi ma ya yi jarrabawa ba. Dokar da ta tanadi haka an zartar da ita a 2000, ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairu, 2001. Sai dai Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, wadda ke bayar da fasfo, takardu take dubawa, kuma abin da ta fi sa wa ido shi ne kwanan wata.

Dole ne takardun su nuna cewa sharuɗɗa sun haɗu a lokaci guda kafin yaron ya cika shekara 18: ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, shi kuma yana da izinin zama na dindindin, sannan yana zaune a Amurka a hannun wannan mahaifin (uwa ce ko uba), a zahiri da kuma a shari'ance. Idan rantsuwar zama ɗan ƙasa ta mahaifin ta zo bayan yaron ya cika 18, ko da kwana ɗaya ne, wannan ƙofa ta rufe.

Don haka ka tanadi takardar haihuwar yaron mai ɗauke da sunayen iyaye, da ainihin takardar zama ɗan ƙasa ta mahaifin, da girin kad ɗin yaron (katin izinin zama na dindindin), da takardar auren iyaye. Idan an rabu, a haɗa da hukuncin kotu kan wanda aka ba riƙon yaron. Shaidar zama tare ce ta fi kayar da mutane, saboda ba takarda ɗaya ba ce. Bayanan makaranta da na asibiti masu nuna adireshi ɗaya da na mahaifin su ne suka fi ƙarfi. A kula kuma, agola ko ɗan riƙo ba ya cikin wannan tanadi, sai idan an mayar da shi ɗa ta hanyar kotu. Duk takardar da ba da Turanci take ba, a fassara ta.

Da fom DS-11 ake nema, a kai shi da kai tare da yaron zuwa wurin karɓa, galibi gidan waya, kuma kada a sa hannu sai jami'i ya ce a sa. Wanda bai kai shekara 16 ba sai iyayensa biyu sun halarta, ko wanda bai zo ba ya aiko da amincewarsa a fom DS-3053. Za a dawo da ainihin takardun ta wasiƙa daga baya.

Fasfon yaron da bai kai shekara 16 ba shekara 5 yake yi. Shi ya sa nake ganin duk mai hali ya nemi takardar shaidar ɗan ƙasa daga USCIS, hukumar kula da zama ɗan ƙasa da shige da fice ta Amurka, da fom N-600, domin duk da tsadarta, ba ta da wa'adin ƙarewa.